Ciwon damuwa: Yadda masana ke auna dabarun jurewa na masu karɓar magani

Mutane biyu na iya kammala maganin ciwon damuwa a mako guda, a asibiti guda, likita ya tabbatar da cewa dukkansu sun samu sauƙi. Bayan wata shida kowannensu ya rasa aikinsa. Na farko ya yi 'yan makonni cikin baƙin ciki, sannan ya shiga neman wani aikin. Na biyun kuwa sai ciwon ya dawo masa, kamar bai taɓa samun magani ba.

A ranar da aka sallame su, ma'aunin da likitoci suka saba amfani da shi ba lalle ya nuna wani bambanci a tsakaninsu ba, domin alamomin ciwon kawai yake ƙirgawa. Wannan giɓi ne ya sa masana halayyar ɗan Adam, musamman a jami'o'in Amurka, suka shafe fiye da shekaru 30 suna neman hanyar auna wani abu na daban, wato dabarun da majinyaci ya koya na tunkarar matsala, da kuma ko yana aiki da su idan matsalar ta taso.

Batun na da muhimmanci saboda ciwon damuwa na da halin dawowa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin mutane miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya. Bincike ya nuna cewa aƙalla rabin waɗanda suka warke daga karon farko kan sake kamuwa, kuma haɗarin na ƙaruwa da kowane karo.

Ma'aunin alamomin ciwo

Likitoci na cewa mutum na da ciwon damuwa ne idan ya shafe aƙalla mako biyu cikin ƙuncin zuciya, ko ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, kusan kullum, tare da wasu alamomi kamar rikicewar barci, da rashin cin abinci ko yawan cinsa, da kasala, da ganin kansa ba shi da wani amfani.

An daɗe da samun ma'aunan waɗannan alamomi. Likitan ƙwaƙwalwa Max Hamilton na birnin Leeds a Ingila ya wallafa nasa a 1960. A 1961 Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya ya fito da takardar tambayoyi 21 da majinyaci ke cikewa da kansa. Ma'aunin PHQ-9 mai tambayoyi tara, wanda aka tabbatar da ingancinsa a 2001, na ba da maki daga sifili zuwa 27, kuma yana cikin waɗanda aka fi amfani da su a ƙananan asibitoci a duniya.

Dukkan waɗannan na amsa tambaya guda ce: yaya majinyaci yake ji a 'yan kwanakin nan? Abin da zai yi idan ya gamu da rashi, ko bashi, ko rikicin aure bayan an rabu da shi, wannan na buƙatar ma'auni na daban.

Me ake nufi da dabarun jurewa?

A wurin masana, ma'anar jurewa ta fi haƙuri faɗi. Richard Lazarus da Susan Folkman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, waɗanda littafinsu na 1984 ya zama ginshiƙin wannan fanni, sun bayyana ta a matsayin duk wani ƙoƙari, na tunani ko na aiki, da mutum ke yi domin shawo kan lamarin da yake ganin ya yi masa nauyi ko ya fi ƙarfinsa. Ƙoƙarin na iya yin amfani, yana kuma iya cutarwa. Neman shawara jurewa ce, haka ma shan ƙwaya domin a manta.

Masanan biyu sun kasa dabarun gida biyu. Akwai waɗanda ke fuskantar matsalar kanta, kamar tsara yadda za a biya bashi. Akwai kuma waɗanda ke kwantar da zuciya, kamar kai kuka ga ɗan'uwa ko sauya yadda ake kallon lamarin.

A wani nazari da suka wallafa a 1980, sun bi mutane 100 masu matsakaitan shekaru, suka tattara bayanan lokuta 1,332 da mutanen suka shiga matsi. A kashi 98 cikin ɗari na waɗannan lokuta, mutanen sun haɗa nau'o'in biyu ne a tare. Kazalika an ga cewa matsalar wurin aiki ta fi sa mutum ya tunkari lamarin kai tsaye, yayin da rashin lafiya ya fi sa shi neman kwantar da zuciya.

Darasin da aka ɗauka shi ne babu dabarar da ke da kyau a kowane hali. Wanda ke iya gyara lamari ya zauna yana lallashin zuciyarsa ya yi asara, haka ma wanda ya nace sai ya gyara abin da ba ya gyaruwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wahalar aikin mai aunawa.

Abin da ake koyarwa a ɗakin magani

Maganin gyaran tunani, wanda Beck ya assasa a shekarun 1960 kuma ya tsara shi a littafi tare da abokan aikinsa a 1979, tattaunawa ce mai manhaja tsakanin majinyaci da masani, galibi zama 12 zuwa 20.

Ana koya wa majinyaci ya kama tunanin da ke faɗo masa nan take idan wani abu ya faru, ya rubuta shi, ya tambayi kansa wace hujja ce ke goyon bayansa, wacce ce ke saɓa masa, kuma ko akwai wata fassarar. Ana kuma koya masa tsara ayyukan yini, da rarraba babban aiki zuwa ƙanana, da gwada abin da yake tsoro domin ya ga ko hasashensa gaskiya ne.

Wani gwaji da aka gudanar a jami'o'in Pennsylvania da Vanderbilt, aka wallafa a 2005 ƙarƙashin jagorancin Robert DeRubeis da Steven Hollon, ya ƙara wa batun nauyi. Majinyata 240 masu matsakaicin ciwo ko mai tsanani ne suka shiga. Bayan mako 16, kashi 58 cikin ɗari na masu shan ƙwayoyin magani sun samu sauƙi, haka nan kashi 58 cikin ɗari na masu maganin gyaran tunani.

Bambancin ya fito ne a shekarar da ta biyo baya. Cikin waɗanda aka janye wa ƙwayoyi aka musanya musu da na bogi, ciwon ya dawo wa kashi 76 cikin ɗari. Cikin waɗanda suka ci gaba da shan ƙwayoyin, kashi 47. Cikin waɗanda suka kammala maganin gyaran tunani kuwa, kashi 31. Tazarar da ke tsakanin rukunai biyu na ƙarshe ba ta kai girman da ƙididdiga za ta tabbatar ba, amma ta farkon a bayyane take.

To mene ne majinyaci ke tafiya da shi gida wanda ke ci gaba da kare shi bayan an daina zama? Tun a 1989 Jacques Barber da DeRubeis suka jera amsoshi uku. Ta yiwu maganin na sauya ainihin abin da mutum ya yi imani da shi game da kansa. Ta yiwu yana kwantar da wannan imani ne na wani lokaci. Ko kuma ta yiwu mummunan tunanin na nan yana zuwa, amma mutum ya koyi yadda zai mayar masa da martani.

Su biyun sun karkata ne ga amsa ta uku, aƙalla a maganin 'yan watanni. Idan haka ne, abin da ya kamata a auna shi ne tunani na biyu, wanda ke biyo bayan na farko.

Hanya ta farko: a tambayi majinyaci

Hanya mafi sauƙi kuma mafi araha ita ce takardar tambayoyi. Ta Folkman da Lazarus, mai suna Ways of Coping, wato hanyoyin jurewa, ta fara da tambayoyi 68 a 1980, aka gyara ta zuwa 66 a 1985. Ana neman mutum ya tuna wani matsi da ya shiga kwanan nan, ya faɗi iya gwargwadon yadda ya yi amfani da kowace dabara.

A 1989 Charles Carver na Jami'ar Miami da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin COPE. Daga baya Carver ya lura cewa majinyata ba su da juriyar amsa doguwar takarda mai maimaici. A 1997 ya wallafa gajeruwarta mai tambayoyi 28, biyu-biyu kan dabaru 14, wadda ya gwada a kan mutanen da guguwar Andrew ta 1992 ta ɗaiɗaita a jihar Florida. Daga cikinsu akwai tsara mafita, da neman taimako, da karɓar abin da ya faru, da raha, da addini, da musun gaskiya, da zargin kai, da shan kayan maye, da sallamawa.

Ba a tara makin wannan ma'auni a ce wane ya ci, wane ya faɗi. Kowace dabara da nata makin, kuma ana duba tsarinsu ne baki ɗaya.

Waɗannan takardu an yi su ne domin jama'a gaba ɗaya. Saboda haka aka ƙirƙiro wasu da ke tambaya kai tsaye kan abin da ake koyarwa a magani. A 2011 Robin Jarrett ta birnin Dallas a jihar Texas da abokan aikinta suka wallafa ma'aunin SoCT mai tambayoyi takwas, wanda majinyaci ke cike kwafi ɗaya, masanin da ke duba shi ya cike ɗaya. A wannan shekarar ce kuma aka fito da CBTSQ mai tambayoyi 16, wanda ya raba dabarun tunani da na aiki. A 2014 Daniel Strunk na Jami'ar Jihar Ohio ya jagoranci samar da CCTS mai tambayoyi 29.

Hanya ta biyu: a jarraba shi

Faɗin cewa an iya abu daban, iya shi daban. Wannan ne ya sa Barber da DeRubeis suka wallafa wani gwaji a 1992 mai suna Ways of Responding, wato hanyoyin mayar da martani.

Ana ba majinyaci 'yan gajerun labarai na ɓacin rai, a ce ya ɗauka shi abin ya faru da shi. Kowane labari na zuwa da mummunan tunanin farko da aka riga aka rubuta. Sai a nemi ya rubuta abin da zai ji, da abin da zai ci gaba da tunani, da abin da zai yi.

Kwatankwacin irin labaran shi ne: mutum ya je ganawar neman aiki, bayan mako guda aka sanar da shi cewa ba a ɗauke shi ba, sai zuciyarsa ta ce masa shi ba zai taɓa samun aiki ba.

Wani majinyacin zai rubuta cewa haka ne, dama shi komai ya taɓa sai ya lalace, zai shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Wani zai rubuta cewa babu komai, gobe ma rana ce. Wani kuma zai rubuta cewa abin ya yi masa ciwo, amma mutane da yawa ne suka nemi gurbi ɗaya, kuma kiran da aka yi masa zuwa ganawar alama ce takardunsa na da kyau, don haka zai tambayi inda ya gaza, ya aika wasu takardun kafin ƙarshen mako.

Masu duba amsoshin, waɗanda aka horar musamman, kan yanka kowace amsa gunduwa-gunduwa, su ware abin da ya dace da koyarwar maganin da abin da ke ƙara zurfafa ciwon, sannan su kimanta ko amsar baki ɗaya za ta iya ɗaga zuciyar mutum. Amsa ta uku ce ke nuna ƙwarewa, domin ta kawo hujja da mataki. Ta biyu na da daɗin ji, amma ba ta taɓa tunanin farkon ba.

Hanya ta uku: a lura da shi

Wanda ya ci jarrabawa a takarda na iya kasa aiki da iliminsa a gida. Don haka wasu masu bincike kan saurari zaman magani da aka naɗa, su duba ko majinyaci da kansa yake kawo misalan yadda ya yi amfani da dabarun a cikin mako, ko kuwa sai masani ya ja shi. Wasu kan duba aikin gida da aka ba shi, yawansa da ingancinsa.

Strunk da DeRubeis da abokan aikinsu sun haɗa hanya ta biyu da ta uku a wani nazari na 2007, kan majinyata 35 da suka samu sauƙi ta maganin gyaran tunani a wancan babban gwaji. Waɗanda suka fi maki a gwajin mayar da martani, da waɗanda aka ji suna aiki da dabarun da kansu, su ne ciwon ya fi ƙarancin dawo wa cikin shekara guda.

Dangantakar ta tsaya ko da an yi la'akari da ragowar alamomin ciwo a ƙarshen magani. Ma'aunin yadda mutum ke ganin darajar kansa kuwa bai hasaso komai ba. Mutane 35 dai adadi ne kaɗan, amma sakamakon ya zo daidai da hasashen 1989, kuma ya buɗe ƙofa ga nazarce-nazarcen da suka biyo baya.

Inda ma'aunan ke tuntuɓe

Matsala ta farko ita ce mantuwa. A 1998 Arthur Stone na Stony Brook a jihar New York da abokan aikinsa suka raba wa mutane ƙananan kwamfutocin hannu da ke tambayarsu a kai a kai, tsawon kwana biyu, abin da suke yi game da matsalar aiki ko ta aure. Daga ƙarshe aka ba su takarda su faɗi abin da suka yi a kwanakin biyu. Bayanan biyu sun saɓa sosai. Mutane sun rage yawan dabarun tunani da suka yi amfani da su, suka kuma ƙara yawan matakan aiki da suka ce sun ɗauka. Idan kwana biyu kaɗai ya haifar da haka, to ina ga wata guda?

Ta biyu ita ce ciwon kansa na gurɓata amsa. Mai ciwon damuwa ya fi tuna gazawarsa, kuma yakan raina ƙoƙarinsa. Idan ya samu sauƙi makinsa na dabaru na iya hawa ba don ya koyi sabon abu ba, sai don ya daina yi wa kansa mugun hukunci. Wani kuma kan ba da amsar da yake ganin za ta faranta wa likitansa rai.

Ta uku ita ce tambayar kaza da ƙwai. Shin dabarun ne suka kawo sauƙi, ko sauƙin ne ya ba mutum ƙarfin amfani da dabarun? Aunawa sau biyu, a farko da ƙarshe, ba ta iya warware wannan. Shi ya sa masu bincike suka koma aunawa a kowane zama, domin ganin wanne ke riga wanne motsawa.

Ta huɗu ta shafi yawa da inganci, bambancin da Natalie Hundt da abokan aikinta suka jaddada a wani bita na 2013. Mutumin da ya warke sarai na iya cewa bai ƙalubalanci mummunan tunani ko sau ɗaya a wannan wata ba, saboda tunanin bai zo ba. Wanda ke cikin tsananin ciwo kuma na iya yin hakan sau goma a yini ba tare da nasara ba. Ma'aunin SoCT ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan tarko ta hanyar ba da mafi girman maki ga wanda ke amfani da dabara a duk lokacin da buƙatarta ta taso.

Gwajin mayar da martani ya tsira daga wasu daga cikin waɗannan matsaloli, amma yana da nasa. Yana cin lokaci, yana buƙatar ƙwararrun masu dubawa, kuma yana iya fifita wanda ya iya rubutu a kan wanda ya iya rayuwa.

Saƙa da warwara

Ba dabaru masu amfani kaɗai ake aunawa ba. Susan Nolen-Hoeksema ta yi fice wajen nazarin ɗabi'ar zama ana juya damuwa a zuci, ana tambayar dalilinta da abin da za ta haifar ba tare da ɗaukar mataki ba. A Turance an aro wa ɗabi'ar suna ne daga tuƙar da shanu da raƙuma ke yi.

Mako biyu kafin girgizar ƙasar da ta afka wa yankin San Francisco a watan Oktoban 1989, ita da Jannay Morrow sun auna ɗaliban Jami'ar Stanford, ba tare da sanin abin da ke tafe ba. Da suka sake auna su kwana goma da kuma mako bakwai bayan girgizar, sai aka ga masu wannan ɗabi'a sun fi sauran nuna alamomin damuwa.

Ma'aunin nata mai tambayoyi 22 shi ma ya sha gyara. A 2003 aka cire tambayoyi 12 da suka yi kama da alamomin ciwon kansa. Goman da suka rage sun rabu gida biyu: nazarin lamari domin neman mafita, da kuma ƙorafin zuci na kwatanta halin da ake ciki da wanda aka so. Na biyun ne ya fi alaƙa da ƙaruwar damuwa daga baya.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu ganin cewa motsi ya fi gyaran tunani muhimmanci. A 1996 Neil Jacobson na Jami'ar Washington ya gwada majinyata kimanin 150, ya gano cewa waɗanda aka koya wa komawa ga ayyukan yau da kullum kaɗai sun samu sauƙi daidai da waɗanda suka karɓi cikakken maganin. A jihar Goa ta Indiya, wani gwaji kan majinyata 495 da aka wallafa a 2017 ya yi amfani da masu ba da shawara da ba likitoci ba, kuma aka auna komawar majinyata ga ayyukansu da 'yan tambayoyi kaɗan. Yawan wannan komawa bayan wata uku na cikin abubuwan da suka bayyana sauƙin da aka gani bayan shekara guda.

Addini da harshe

Ga miliyoyin mutane, addini shi ne mafaka ta farko a lokacin tsanani, kuma tambayoyi biyun da ke cikin gajeren ma'aunin COPE ba su wadatar ba. A 1998 Kenneth Pargament na Jami'ar Bowling Green a jihar Ohio ya wallafa ma'auni mai tambayoyi 14 kan wannan fanni kaɗai.

Bakwai na auna neman kusanci da Ubangiji, da neman gafara, da dogaro gare Shi. Bakwai kuma na auna jin cewa Ubangiji ya yi watsi da mutum, ko yana azabtar da shi, ko jama'ar addininsa sun juya masa baya. Bincike da dama sun nuna cewa rukuni na biyun na tafiya tare da ƙarin damuwa. Wato tambayar ko mutum na addu'a ba ta isa ba, sai an san da wace zuciya yake yin ta.

Akasarin waɗanda aka fara gwada ma'aunin a kansu Kiristocin Amurka ne. A 2008 Hisham Abu-Raiya, tare da Pargament da wasu, suka wallafa wani ma'auni da aka gina domin Musulmi, wanda shi ma ya bambanta dogaro ga Allah mai kwantar da zuciya da ɗaukar musiba a matsayin azaba.

Harshe ma na da tasa rawar. Tambaya kan karɓar abin da ya faru, idan aka fassara ta da haƙuri ko tawakkali, za ta samu amsar eh daga kusan kowane Bahaushe, alhali wani na nufin ya miƙa lamarinsa ga Allah ya ci gaba da nema, wani kuma na nufin ya yanke ƙauna. Don haka ƙa'idar fassara ma'auni ta tanadi a juya shi zuwa sabon harshe, wani daban ya mayar da shi harshen asali, a gwada shi a kan masu harshen ana tambayarsu abin da suka fahimta, sannan a sake tabbatar da ingancinsa.

A Zimbabuwe an bi wata hanyar. An gina ma'aunin alamomi mai tambayoyi 14 daga kalmomin da masu harshen Shona ke bayyana damuwarsu da su, ciki har da kufungisisa, wato yawan tunani. Shirin Friendship Bench na Dixon Chibanda, inda dattawan mata ke koya wa majinyata dabarun warware matsala a kan benci a harabar asibiti, ya yi amfani da wannan ma'auni a gwajinsa na 2016.

Amfaninsa a asibiti

Har yanzu akasarin ma'aunan dabaru sun fi zama a hannun masu bincike. A Ingila, shirin maganin tattaunawa na hukumar lafiya ta NHS, wanda aka fara a 2008, na auna majinyaci a kowane zama, amma manyan ma'aunansa na alamomin ciwo ne.

Duk da haka masanin da ya auna dabarun majinyacinsa na samun abin da zai yi aiki da shi. Idan alamomi sun sauka amma dabaru ba su hau ba, wannan dalili ne na tunanin ƙara zama, ko sanya ranakun waiwaye bayan sallama. Idan majinyaci ya iya dabarun a takarda amma ba ya aiki da su, sai a binciki abin da ke hana shi a gida. Idan shi da masanin sun ba da maki mabambanta, saɓanin kansa abin tattaunawa ne a zama na gaba.

Masana na gargaɗin cewa ƙarancin maki ba shaidar raunin hali ko raunin imani ba ne, kuma ba hujja ba ce ta ɗora wa majinyaci laifin ciwonsa. Talauci, da tashin hankali, da gado, da wasu cututtukan jiki duk na da hannu a ciwon damuwa, kuma babu dabarar da ke kawar da su. Haka nan maki mai yawa ba izini ba ne na daina shan ƙwayoyin magani ba tare da shawarar likita ba, kamar yadda alƙaluman gwajin 2005 suka nuna. Wanda kuma ya fara tunanin hallaka kansa na buƙatar ganin likita cikin gaggawa, ko nawa ne makinsa.